Mai Fito da Ya Ƙi Ɗaukar Mayaƙa

Akwai wani mutum mai fito a bakin wani babban kogi. Yana da kwalekwale mai faɗi, babu kamarsa a wannan yanki. Garinsu yana kan tudu, ɗaya garin kuwa yana ƙetare, a cikin kwari. Garuruwan nan biyu sun daɗe suna gaba a kan wurin kamun kifi.

Wata rana faɗa ya kaure tsakanin masunta, wani mutumin ƙetare ya sari ƙanen mai fiton da adda, ya mutu. Mai fiton da kansa ya ɗauko gawar, ya kuwa ga fuskar wanda ya yi kisan.

Bayan an yi jana'iza, mazajen garin suka taru a bakin ruwa da masu da kwari da baka. Wani dattijo ya ce masa, "Ɗana, tashi ka ƙetare da mu. Jinin ƙanenka ne. Ashe, mutanen Allah na dā ba su yi yaƙi ba?"

Mai fiton ya shiga kwalekwalensa ya zauna, hawaye na zuba. Ya ce, "Baba, zuciyata ta fi taku ƙuna. Amma Ubangijin da nake bi ya yi wa masu kashe shi addu'a. In kuna son jirgin nan, sai ku fara da ni."

Ba wanda ya iya ɗaga masa hannu. Suka watse suna ce masa matsoraci. A kasuwa aka daina gaishe shi. Matar marigayin ma, in ta hango shi, sai ta juya baya.

Da damina ta yi nisa, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kogi ya cika ya batse, ya auka wa garin ƙetare. Daga kan tudu ana jin kururuwar mata, ana ganin mutane a kan rufin ɗakuna. Waɗansu suka ce, "Alhaki ne ya kama su." Mai fiton kuwa ya ɗauki gorarsa ya tura jirgi.

Ya yi ta kai da kawowa, yana kwaso tsofaffi da masu goyo, har tafin hannunsa ya saɓule. Matar marigayin ce ta fara saukowa da zane ta lulluɓe wata jaririya. Da mazajen suka ga haka, kunya ta kama su, suka ruga da igiyoyi suna jawo jirgin zuwa gaɓa.

Can mai fiton ya hangi wani mutum rungume da kututturen wata giginya da ta faɗi, ruwa yana neman cinye shi. Da ya matsa, sai ya ga wanda ya kashe ƙanensa ne. Mutumin ma ya gane shi, ya rufe ido yana jiran duka. Mai fiton ya miƙa masa gora, ya ce, "Kama da kyau, ɗan'uwa."

Da suka kai tudu, mutumin ya faɗi ƙasa a gaban jama'a yana kuka, ya ce, "Ni ne na yi kisan. Ku kai ni gaban shari'a." Aka kuwa kai shi. Mutanen ƙetare suka zauna a gidajen maƙiyansu har ruwa ya janye. Tun daga ranar ba a ƙara zub da jini a kogin nan ba, garuruwan biyu kuma suka gina majami'a ɗaya, suna raira waƙar yabo da murya ɗaya.

To, ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Kogin shi ne gabar da ke tsakaninmu da waɗanda suka cuce mu. Kwalekwalen kuwa ƙarfin da Allah ya ba kowannenmu ne, ko hannu, ko baki, ko matsayi. Za a zo maka da labarin yaƙe-yaƙen dā, a ce Maganar Allah ta ba ka izinin ramuwa. Ka duba gicciye. A can Ubangijinmu ya ci yaƙin da ya fi kowane girma, bai kuwa zub da jinin kowa ba sai nasa. Gafara ba ta hana shari'a aikinta ba, ramuwa kaɗai ta hana. Da mai fiton ya ɗauki mayaƙa, da kaburbura ya ƙara. Ya ƙi, sai ya ci gari guda ba tare da ya harba kibiya ba. Wannan nasara taku ce, ya ku 'ya'yan Sarkin Salama. Ku tashi ku karɓe ta. Halleluya!