Awa Ɗaya a Ɗakin Ganye

Akwai wani matashi mai suna Sudip Moktan da aka ɗauka gwajin wata uku a masana'antar shayi da ke kan tsaunin Darjeeling. Ya zo da takardar digiri da na'urar auna danshin ganye, ga shegen son tambaya.

Ran nan ya ji manaja ya nuna wa wani baƙo wani tsoho mai suna Dhanbir, mai kula da ɗakin shanya ganye, ya ce da Turanci, "old hand". Sudip ya kasa haƙuri.

"Ranka ya daɗe, me ake nufi da shi?"

"Tsohon hannu. Haka Turawa ke kiran wanda ya daɗe a sana'a har ta zauna masa a jiki. Ba takarda ke ba da sunan ba."

Maganar ta tsaya wa Sudip a rai. Me mutumin da ko sa hannu bai iya ba ya sani?

Aka tsinko ganyen fari na shekara, wanda wani babban mai saye ke jira. Da shi za a yanke ko Sudip zai zauna. Da safe na'ura ta ce ganye ya yi laushi, a kai murza.

Dhanbir ya cusa hannu can ƙasan kwandon ganyen, ya damƙo, ya matse, ya shinshina.

"Saura awa ɗaya, ɗana."

"Baba, na'ura ta ce ya yi fa."

"Saman ta taɓa. Hazo ya shigo ta taga da asuba, ita tana cikin akwati tana barci."

Sudip ya so ya ga gaskiyar wa. Ya sa aka murza rabi nan take, rabi aka jira.

Da aka gama sarrafa ganyen, aka dafa kowane rabi a kofinsa. Mai saye ya kurɓi kofin Dhanbir, ya lumshe ido. Ya kurɓi na Sudip, ya tofar, ya ce ɗanyar ciyawa yake ji. Rabin ganyen fari ya tafi a banza.

Kunya ta kama Sudip. "Laifina ne," ya ce wa manaja. "Baba ya gaya mini."

Dhanbir ya ce, "A bar mini yaron, ranka ya daɗe. Ni a shekarata ta farko duka na lalata, kuma ƙarya na yi."

Darasi: Kafin ka gwada tsohon hannu da dukiyar mutane, zauna ka tambaye shi abin da ya gani. Idan ka yi kuskure, ka amsa. Tura wa wanda ya fara sabon aiki.