Gasasshen Aladen Rogelio

Akwai wata mata a garin Carcar mai suna Nenita. Tun rasuwar mahaifinsu ita ke kula da aladun gidan, daga ba su dusa har wanke musu ɗaki. Yayanta Rogelio kuwa aikinsa ɗaya ne, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Aladuna."

A da, wuƙa ake sa wa mazan aladun a fiɗiye su tun suna ƙanana, don kada namansu ya yi zarni idan sun girma. Nenita ta tsani wannan rana. Ga ihu, ga jini, sannan su kwanta su ƙi tsotso, wani ma ciwon ya kashe shi. Da likitar dabbobi ta kawo allurar da ke maye gurbin wuƙa, ta karɓa da hannu biyu. Sharaɗin dai sai an yi sau biyu.

Da lokacin ta biyun ya yi, aka yi wa duka, ban da wani ƙato da ya ƙi kamuwa. Likita ta ce za ta dawo masa.

Kafin ta dawo, waɗanda aka yi wa suka daina faɗa, suka koma ci ba ji ba gani. Ana zuba dusa sai ka ga kwano fes.

Rogelio ya hau sama. "Ke! Aladu kika yi min ko fara? Za su cinye gidan nan!"

"Yaya, haka allurar take. Cin nan nama zai zama."

"Rufe min baki! Ƙaton nan na bikin baftismar ɗana ne, ba mai taɓa shi."

Da likitar ta zo, a bakin ƙofa ya kore ta. Nenita ta bi shi tana roƙo, ya ce mace mai warin dusa ba za ta koya masa kiwo ba.

Ranar biki, Baba Tasyo mai gasa nama ya tsire ƙaton a gora, ya hau juya shi a kan garwashi. Fata ta yi jawur. Amma da kitse ya fara ɗiga, sai wani zarni ya tashi kamar na tsohon makewayi. Aka yanka aka rarraba. Baƙi suka riƙa ture naman gefe suna cin shinkafa gaya. Surukar Rogelio ta toshe hanci da mayafi.

Maimakon ya yi shiru, sai Rogelio ya miƙe ya nuna ƙanwarsa da yatsa.

"Ga wadda ta ja min! Ita da allurarta ta banza!"

Nenita ta dire tiren da ke hannunta.

"Ni? Yaya, ka ji tsoron Allah! Wa ya kori likita? Duk garken nan wanne ne ba a ƙarasa masa allura ba? Baba Tasyo, 'yan'uwansa da ka gasa wa maƙwabta, sun yi wari?"

Tsohon ya ce, "Ko ɗaya, 'yata."

Ta yanko tsoka mai kitse, ta ajiye a gaban yayanta.

"Kullum kana cewa aladenka ne. To ga shi, ci."

Don kada a ga gazawarsa, Rogelio ya jefa a baki. Ya tauna, idonsa ya kawo ruwa, ya kasa haɗiyewa. A gaban surukansa ya juya ya tofar.

Washegari Nenita ta haɗa kayanta ta koma gidan goggonsu, inda ta fara kiwon nata aladun. Rogelio ya yi ta zuwa ba ta haƙuri har ya gaji. Ba ta zage shi ba, ba ta kuma dawo ba. Yau shi ke shiga ɗakin aladu da tsintsiya da bokiti.

Darasi: Kada girman kai ya sa ka raina shawarar wanda ke yi maka wahala. In kuma ka yi kuskure, ka ɗauki abinka, kada ka ɗora wa wanda ya gargaɗe ka. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani ya gyara tun bai rasa mai taimakonsa ba.