Zarton Bahago

Akwai wani tsohon kafinta bahago, yana da zarto guda da ya sassaƙa wa mariƙi da kansa. Wata damina ambaliya ta rushe shagonsa, zarton ya tafi da ruwa. Ya sayi wasu, amma kowanne sai ya ce na masu hannun dama ne. Har matarsa ta gaji, ta ce, "Maigida, ko ni na ɓata ba za ka yi mini wannan makoki ba."

Bayan shekaru, yana wucewa ta wurin 'yan gwangwan, ya hangi tsofaffin zartuna jibge, tsatsa ta cinye su, ana shirin loda su a mota a kai narkarwa.

Ya ce wa mai kayan, "Ɗana, dakata. Wataƙila nawa yana ciki."

Mai kayan ya yi dariya. "Baba, waɗannan ko maƙerinsu ba zai gane su ba. Yi sauri, direba yana jira."

Gaskiyarsa, duk sun yi ja, haƙora sun dakushe. Sai tsohon ya rufe ido, ya riƙa zura hannun hagu cikin mariƙinsu ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ƙi, wancan ya ƙi. Can ƙasan tarin, babban yatsansa ya faɗa wani ɗan gurbi da shi kansa ya goge da gumin aiki.

Ya ce, "Ga shi."

"Wannan? Ai ya fi duka lalacewa, Baba."

"Na sani. Nawa ne."

Bai yi ciniki ba, ya biya. A gida ya jiƙa shi da kananzir, ya kankare, ya bi haƙoran da magagari. Da safe matarsa ta ji katako yana kuka a tsakar gida.

Ma'anar misalin nan, ku saurara, har da ku na bencin baya masu gyangyaɗi. Ku ne zarton, tsatsar kuma zunubi. Mutane suna duban tsatsa su ce wane ya gama lalacewa, a loda shi. Ubangiji kuwa ba da ƙyalli yake gane nasa ba, gurbin yatsansa yake nema, tsatsa kuma ba ta cin wannan. Yesu ya sauko har cikin tarin, ya biya, bai nemi ragi ba. In ya ɗora muku magagari za ku ji zafi. Ku tsaya, aiki yake shirin ba ku.