Murhun Tabawa Mai Ƙafa Uku

A zamanin da ɓauna ke kiwo a inda gonakin dawa suke yanzu, an yi wani maharbi a garin Dutsen Tama, sunansa Tunau. Maroƙa na yi masa kirari da na Tabawa, mai karanta ƙasa, sawu ba ya yi maka ƙarya. An ce yana duban ciyawar da aka taka ya faɗi ranar da dabba ta wuce da ƙafar da take ɗingisawa. Tabawar da ake ambata matarsa ce, 'yar Gwabro sarkin maƙeran garin.

Mutanen Dutsen Tama suna da al'ada a kan murhu. Ranar da aka kai amarya, uwarta ke kafa mata duwatsu uku. Muddin duwatsun na wurin, aure na nan. Macen da ta gaji da miji ba ta kai ƙara ko'ina, sai ta tumɓuke su ta bar gurabe uku a ƙasa, kowa ya gane. Shi ya sa matan garin ba sa nisa da gida.

Shi kuwa Tunau, da an yi girbi yake tafiya fadamun kudu, tafiyar kwana tara, ba ya dawowa sai ruwan farko. Ƙasa ce ta laka, babu dutse ko na jifan tsuntsu. Hogen busasshiyar laka yake jerawa ya ɗora tukunya, wuta na kamawa hogen ya fashe, miya ta kife.

"Wata biyar, sau nawa ka ci tuwo da miya?" in ji Tabawa, wata shekara da ya dawo a rame.

"Ƙasa ta fi ni shan miyar," in ji shi. "Da murhunki na da ƙafa, da na tafi da ku duka."

Shi wasa ya yi. Ita ta riƙe maganar.

Da ya sake tafiya, ta je maƙera wurin ubanta. Duwatsun murhunta na tama ne, irin wanda ake narkawa a fitar da ƙarfe.

"Baba, ka narka mini su, ka yi musu ƙafa."

Gwabro ya ajiye guduma. "Ke 'yar nan, kin san me gurbi uku ke nufi?"

"Ai ba barinsa zan yi ba, binsa zan yi."

"Ni na sani. Ƙasar ɗakin ce ba ta sani ba."

Duk da haka ya yi mata. Ƙarfen bai isa ba, ta ƙara da fartanyarta. Ya ƙera zobe mai faɗin taƙi ɗaya, ya haɗa masa ƙafafu uku, nauyinsa bai kai na tulun ruwa ba. Ta naɗe shi a zane, ta bi ayarin masu gishiri ta hanyar gabas.

A wannan shekara ɓauna ta yi ƙaranci, Tunau ya juyo gida da wuri ta hanyar yamma. Ya iso da rana tsaka, gari duk an tafi sharar gona. Ya shiga ɗaki, ya ga gurabe uku da toka mai sanyi. Ya durƙusa ya karanta su kamar sawu: an cire su a natse, ba da fushi ba, kwana goma da suka wuce. Wannan ya fi yi masa ciwo. Yana jin ƙarar gudumar Gwabro daga inda yake tsaye, taku ɗari ba su cika ba. Amma a ƙasar nan mutum ba ya tsayawa gaban surukinsa ya tambayi ina matarsa. Ya ɗauki kwarinsa ya fita, bai sha ko ruwa ba.

Shekara goma sha ɗaya Tabawa ta yi tana bin sansaninsa. Ta kan tarar da toka da fasassun hoge, wani lokaci tokar da sauran ɗumi. A nan za ta kafa murhunta ta yi tuwon mutum biyu, rabonsa ta ba matafiyi. Tana aika saƙo, amma shi ya daina tsayawa inda mutane suke. Da ƙafafunta suka gaza, ta zauna gindin wata ɗorawa a bakin rafi. Fatake suka saba yada zango wurin, wasu suka kafa bukkoki.

Labarin ya iske Tunau a bakin wata tsohuwa mai sayar da daddawa, da ta gan shi yana fama da hoge.

"Kai maharbi, wahala kake so. Je ka ga matar gindin ɗorawa, murhunta tafiya yake. Duwatsun aurenta ta narka don ta bi mijinta. Wawan ya ga gurbi ya gudu."

"Bai tambaya ba?" in ji Tunau.

"Ina fa! An ce gwanin sawu ne."

Kwana huɗu ya yi yana tafiya. Ya iso kwana uku bayan an binne ta. Masu ba da labari sun saɓa a abubuwa da yawa, amma sun haɗu a kan ɗaya: da ya dafa zoben ƙarfen, da zafinsa, alhali ba wanda ya hura wuta tun rasuwarta. Ya rataye bakansa a reshen ɗorawar, bai ƙara sauke shi ba. Ya haƙa rijiya, ya raba wa baƙi filaye, ya rayu shekara ashirin yana dafa tuwon mutum biyu.

Garin da ya kafu a wurin shi ne Ƙafa Uku. Har yau murhun ƙarfe ake kai amarya da shi a can. Macen da za ta ɗauki nata ta yi tafiya kuwa, sai ta kwantar da ludayi a kan tokar, bakinsa na duban hanyar da ta bi.