Korau Wanzami da Gwaggon Dutse

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

A wani gari akwai wanzamai biyu, Korau da Arzika. Korau ne babba, askarsa goma sha biyu, zabirarsa ta jar fata. Arzika kuwa aska ɗaya gare shi, ita ma ta sha wasawa har ta rame.

Ran nan aka kira Arzika askin suna a wani ƙauye bayan dutse. Ya je ya dawo. Tun daga ranar hannunsa ya yi sanyi. Wanda ya yi wa aski, ciwon kai ya tafi. Jaririn da ya taɓa, sai barci. Gari kaf ya koma inuwar Arzika, har ana cewa shi za a naɗa Sarkin Aska.

Korau fa? Yana gindin ceɗiya yana wasa aska, ba mai zuwa. Hassada ta ci shi ta cinye. Sarautar da ya daɗe yana jira, wai mai aska ɗaya zai ɗauke!

Ya je ya ce, "Kai Arzika, wane boka ka samu?"

Arzika ya ce, "Wallahi Yaya, ba boka. A kan dutse na gamu da wani abu, shi ba biri ba, shi ba mutum ba. Gwaggon Dutse sunansa. Ƙarangiya ta cukuikuye masa gashi. Na ce wane iri za a yi, ya ce in cire ta, in rage masa na bisa ido. Da na gama ya ce a garinsu wanda ya yi maka gyara sai ka rama masa. Ya tambaye ni me nake so, na ce sanyin hannu."

Korau ya ce a ransa, "Ɗan rage gashin ido! To ni in na yi masa aski na gaske fa?"

Da sassafe ya rataya zabira, ya kama dawa. Ya yi tafiya, ya yi tafiya, sai tsakuwa ta faɗo gabansa, ba mai jifa. Ya ce, "Arzika ma ya wuce." Ya yi tafiya, sai ya ji fito, ba mai bakin. Ya ce, "Arzika ma ya wuce." Ya yi tafiya, sai ga sawu cikin laka, faɗinsa kamar faifai. Ya tuna da inuwar Arzika cike da mutane, ya ƙara sauri.

Sai ga Gwaggon Dutse zaune kan falalen dutse, yana shan hantsi. A zaune ma ya fi bukka tsawo, gashi har ƙasa.

Korau ko sannu bai ce ba. Ya zaro aska, ya haye kafaɗa, ya kama aiki.

Gwaggo ya ce, "Wanzami, wane iri kake yi mini?"

"Yi shiru, yau ka zo hannun gwani."

Ya aske kai ƙwal. Gwaggo ya ce, "Wanzami, ya isa."

"Na Arzika ya kai wannan?" Ya aske baya.

"Wanzami, ya isa."

"Saura kaɗan." Ya aske ƙirji, ya aske hannu, ya aske ƙafa.

"Wanzami, na ce ya isa!"

Ina! Aiki ya riga ya ƙare. Gwaggo ya koma kamar figaggiyar kaza. Iska ta kaɗa, ya hau makyarkyata. Birai suka leƙo daga bishiya, suka yi ta dariya har suna faɗowa.

Gwaggo ya ce, "A garinmu, wanda ya yi maka gyara sai ka rama masa."

Korau ya washe baki, ya miƙa hannu biyu.

Gwaggo ya ce, "Ɗan'uwanka ya tambaye ni, ni ma na tambaye shi. Kai ba ka tambaye ni ba, ni ma ba ni tambayarka."

Ya tattara gashin nan, ya lafta wa Korau. A kai, ya kama. A baya, ya kama. A ƙirji da hannu da ƙafa, ya kama, ya yi saiwa.

Korau ya dawo gari, karnuka na haushi, mata na jefar da tulu. Ya shige ɗaki ya sa askarsa. Ta fari ta karye, ta biyu ta karye, har goma sha biyu. Aka gwada ta kowa a ƙasar nan. Aska ɗaya ce tak ke cin gashin Gwaggo, ita ce 'yar ramammiyar nan ta Arzika. Kuma in an aske, kwana bakwai ya dawo.

Aka naɗa Arzika Sarkin Aska. Kowace Juma'a Korau kan lulluɓe da bargo, ya zo ya bi layi. In aka zo kansa, Arzika ya jiƙa hannu ya ce, "Yaya, wane iri za a yi?"

Korau ya sunkuyar da kai ya ce, "Duk yadda ka ga dama, ranka ya daɗe."

Ƙurunƙus, kan ɓera ya faɗa daka, ni kuwa na dawo gida. In ɗan'uwanka ya samu, ka yi masa murna. In za ka taɓa kan mutum, ka tambayi mai kan.