Marigayi Mato Ɗan Gumel

Tun da aka sa hannu a dokar kafa Abuja a shekarar 1976, an rushe gidaje, an tashi ƙauyuka, an kori mutane daga aiki babu laifin komai, amma ba a taɓa zaluntar wani bawan Allah kamar yadda aka zalunci Malam Zaid na Tungan Maje ranar wata Talata cikin damina ba. Haka dai shi yake faɗa a lokacin, kuma hujjarsa tana cikin wayarsa.

Malam Zaid ma'aikaci ne a sashen ajiye fayil na wata ma'aikatar tarayya. Shekararsa hamsin da ɗaya, ko da yake ranar da ya rina gemu ba ya jin haushi in an ce arba'in da biyar. Mutum ne mai fara'a da tsokana, ba a san shi da mugunta ba. Aibinsa guda ne: yana son a ce ya sani.

Shekara uku ke nan, kullum bayan sallar asuba sai ya tura saƙo a guruf ɗin WhatsApp na unguwa, mai taken "Ko Kun San?" Shi ya sanar da mutanen Tungan Maje cewa wuyan raƙumin dawa ƙashi bakwai gare shi, daidai da na mutum. Shi ya gaya musu zuma ba ta ruɓa. A ƙasan kowane saƙo yakan sa hannu: "Daga taskar Malam Zaid, Malamin Tarihi, Tungan Maje," ya biyo da lambar wayarsa. Babu wanda ya naɗa shi wannan sarauta. Ya dai lura babu mai riƙe da ita, sai ya ɗauka.

To, ranar Talatar nan ya kawo musu labarin cewa idon jimina ya fi ƙwaƙwalwarta girma. Mutum huɗu suka ɗaga masa babban yatsa, ɗaya ma matarsa ce, ita ma sai da ya tuna mata. Can sai ga Thaddeus, tsohon hedimasta mai shagon magani, wanda ya shiga guruf ɗin wata biyu kacal da suka wuce, ya rubuta cewa ranar sha biyu ga Disamba, 1991, aka dawo da fadar gwamnati Abuja. Abin da ɗan aji uku ya sani! Mutum talatin da ɗaya suka ɗaga masa yatsa.

Sun haɗu a bakin titi, inda Malam Zaid ke jiran motar ma'aikata.

"Oga Tarihi, yau jimina ne?" in ji Thaddeus yana dariya. "Gobe kawo mana kaza, wannan dai mun san shi."

"Hedimasta, ilimi nake rabawa, ba kalanda ba."

"Ilimi ya yi kyau. Amma mutane suna so su ji labarin inda suke taka ƙafa. Wa ya taɓa ganin jimina a Zuba?"

Malam Zaid ya yi dariya shi ma, amma ranar nan fayil uku ya ajiye a inda ba wurinsu ba.

Washegari ya fito jiran mota bai tura komai ba. A gefen titin Gwagwalada akwai wani tsohon kwalbati da aka bari tun da aka karkatar da hanya, ciyawa ta cinye rabinsa. Kusa da shi Madam Mabel take kafa laimarta tana sayar da shinkafa da miya. Malam Zaid ya daɗe da lura cewa idan hadari ya taso, iska takan bi ta cikin bututun kwalbatin ta yi wani irin sauti. Yana cikin kallonsa sai wata tifa ta wuce, an rubuta "Mato" a bayanta. Sunan ya yi masa daɗi. Ya nemo masa gari, Gumel ta faɗo masa a baki. Kafin mota ta iso ya gama:

"Ko kun san? A rana mai kamar ta yau, shekarar 1982, ƙasa ta rufta wa wani lebura ana cikin haƙar kwalbatin da ke bakin titinmu. Masu aikin suna sauri, sai suka zuba siminti a kansa suka wuce. Sunansa marigayi Mato, mutumin Gumel ne, an san shi da yawan fito idan yana aiki. Har gobe yana nan a ƙasa."

Kafin ya isa Giri an ɗaga masa yatsa sittin. Thaddeus kansa ya rubuto, "Oga, a ina ka samu wannan?" Malam Zaid ya amsa da kalma biyu, "Tsofaffin fayil," ya jingina da kujera. Wallahi ranar nan ko cunkoson hanyar filin jirgi bai dame shi ba.

Sati ɗaya ya yi yana shan daɗi. Daga nan labarin ya fara dawo masa da kayan da bai ɗora masa ba. Wani abokin aikinsa da ke zaune a Jikwoyi ya turo masa shi, an ƙara cewa Mato ya yi kwana uku yana kira daga ƙasa. Wani ɗan okada ya rantse ya ga dogon mutum da shebur tsaye a kan kwalbatin da tsakar rana, babu inuwa. Mata suka hana 'ya'yansu bi ta wurin. Ranar Juma'a ya tarar Madam Mabel tana naɗe laima.

"Madam, ina zuwa?"

"Ni na tashi, Oga. Jiya yana yi fito, ni da kunnena. Masu cin abinci sun ajiye cokali sun gudu. Shekara tara ina dafa shinkafa a kan mutum ban sani ba. Allah ya yi maka albarka da ka faɗa."

Ya buɗe baki zai ce iska ce. Sai ya tuna yatsu sittin, ya rufe.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, shi ma ya fara ji. Ya san iska ce, shi ya fara ganowa. Amma wata Litinin da la'asar, babu hadari, ganye ko motsi ba ya yi, ya sauko daga mota sai ya ji fito siriri daga wajen kwalbatin, irin na mutumin da hannunsa ke aiki hankalinsa na wani wuri. Ya ƙara sauri. A ofis kuma, idan ya ɗauko tsohon fayil, sai ya tsinci kansa yana bin jerin sunaye da yatsa, yana tsoron ya ga sunan. Har fuska ya fara ba shi: baƙi, dogo, mai wushirya. Bai san daga ina wushiryar ta zo ba.

Ranar Asabar bayan azahar aka yi sallama a ƙofar gidansa. Thaddeus ne, tare da wata tsohuwa 'yar ƙarama, ta lulluɓa da farin mayafi, tana riƙe da jakar leda.

"Oga Tarihi, baƙuwarka ce. Daga tashar Zuba take tambaya gidanka, aka kawo ta shagona." Thaddeus ya sa baki kusa da kunnensa. "Daga Gumel." Ya juya ya tafi.

Malam Zaid ya shimfiɗa mata tabarma a baranda, aka kawo ruwa. Ta sha kaɗan, ta gaishe shi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi iyali da aiki da damina. Sannan ta ce sunanta Hansatu.

"Malam, ni ƙanwar Mato ce."



Ta ce wata maƙwabciyarta ce ta karanta mata saƙon a waya. Yayanta ya bar gida shekarar da ake cewa ana gina sabon birni ana neman 'yan ƙwadago. Ya aiko da saƙo sau biyu, daga nan shiru. An je Suleja, an je Kaduna, an sa malamai addu'a, babu labari.

"Da na ji an ce fito, sai na ce shi ne. Innarmu har dukansa take yi, wai yana kira mana shaiɗanu. Bai daina ba."

"Baba," in ji Malam Zaid, "ai masu suna Mato suna da yawa."

"Da yawa, Malam. Amma Mato, na Gumel, mai fito, a shekarar nan? Allah ne ya nufa in ji kafin in mutu." Ta gyara mayafi. "Ka san Inna har ta koma ga Allah ba ta yarda an ce masa marigayi ba. Duk wanda ya faɗa a gidanmu sai ya fita. Da za ta cika ta riƙe hannuna ta ce, Hansatu, kada bakinki ya faɗi kalmar nan sai wanda ya sani ya faɗa. Shekara arba'in da wani abu ina cewa yaya Mato yana Abuja. Yara suna yi mini dariya. To, ga mai ilimi ya rubuta. Liman ya tara mutane, aka yi addu'a, na zauna kwana uku ina karɓar gaisuwa. Ranar na faɗa. Na ce marigayi Mato." Ta yi ɗan murmushi. "Da nauyi a baki, amma na faɗa. Yanzu dai ka kai ni in ga wurin."

Malam Zaid mutum ne mai dabara, kuma dabara ta zo masa nan take. Tsohuwa ta samu natsuwa. In ya kai ta ta yi addu'a ta koma gida, wa ya cutu? Ai taimako ma ya yi. Da wannan tunanin ya sa hula ya shige gaba, tana biye da shi a hankali.

Rana na tsaka, motoci na wucewa. Wurin laimar Madam Mabel babu komai sai duwatsun murhu uku. Hansatu ta cire takalmanta tun daga nesa, ta taka ciyawa ta isa kan simintin, ta durƙusa ta shafa shi da tafin hannu kamar mai lallashin yaro.

"Salamu alaikum, yaya," ta ce. "Ni ce."

Ta ɗago kai.

"Malam, ta ina kansa yake? In zauna ta wajen kai. Kuma a takardun naku, an rubuta ko sun fuskantar da shi alƙibla?"

Malam Zaid ya dubi gabas, ya dubi yamma. Abu ne mai sauƙi: ya miƙa yatsa kawai. Ya ɗaga hannun, hannun ya tsaya a iska. Shi da ya san ƙasusuwan wuyan raƙumin dawa, ya rasa inda zai ajiye kan mutum guda.

"Baba," ya ce, "babu kowa a nan."

Ba ta gane ba. Sai ya durƙusa shi ma ya faɗa mata duka: tifar da ta wuce, garin da ya faɗo masa a baki, iskar bututu, hedimasta da yatsunsa talatin da ɗaya. Yana faɗa yana jin ƙanƙantar abin a kunnensa.

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Ta janye hannunta daga kan simintin, ta goge a zani.

"Ke nan ba ka san shi ba."

"Ban san shi ba, Baba."

"Ba ka san ko yana raye ba."

"Ban sani ba."

"Amma na riga na faɗa." Ta dube shi, ba da fushi ba, kamar mai neman a nuna mata hanya. "To, Malam, kai mai ilimi ne. Gaisuwar da na karɓa kwana uku, wa zan mayar wa?"

Ta sa takalmanta. Ya roƙe ta ta kwana, ta ce a'a. Ya ce zai raka ta tasha, ta ce ta gane hanya. Ya tsaya yana kallon farin mayafin yana ƙanƙancewa a gefen titi har wata tirela ta shiga tsakaninsu.

Da yamma ya rubuta a guruf cewa labarin Mato ƙarya ne, shi ya ƙirƙira. Mutane suka ce manya ne suka matsa masa ya janye, kasancewarsa ma'aikacin gwamnati. Har yau 'yan okada suna ƙara wuta idan sun zo wurin. Ya yi kwanaki yana neman wanda zai ɗora wa laifi. Ya gwada Thaddeus, ya gwada masu tura saƙo ba su bincika ba, ya gwada direban tifa. Duk wanda ya ɗauko sai ya ga bai zauna ba. A ƙarshe ya je shagon magani da kansa.

"Hedimasta, babu wanda ya zalunce ni. Ni na haƙa, ni na zuba simintin."

Yanzu kullum da safe yana wucewa ta gaban kwalbatin, kuma bakinsa yakan motsa da kansa zai yi addu'a. Sai ya tsaya, don bai san wacce zai yi ba: Allah ya jiƙan Mato, ko Allah ya bayyana shi.

Darasi: Mai karatu, ka ji tsoron ƙaryar da kake ganin wasa ce. Saƙon da ka rubuta a tsaye kana jiran mota zai je garuruwan da ba ka taɓa takawa ba, ya shiga gidan da ake jiran wani labari shekara da shekaru, kuma can ba za a karanta shi da dariya ba. Son a ce ka sani ba dalili ba ne na faɗin abin da ba ka sani ba. In ba ka tabbatar ba, kada ka rubuta, kada ka tura. Kana iya janye maganarka gobe, amma ba za ka iya mayar wa wani abin da ya riga ya faɗa saboda ya yarda da kai ba.