Tela da Ledar Ɗakin Kaji

Akwai wani tela a unguwarmu, gwani ne a ɗinki, amma Allah ya jarabce shi da zargi. In ka gaishe shi da fara'a, ya ce akwai abin da kake nema. In ka wuce ba ka gan shi ba, ya ce da ma ya san kana riƙe da shi a zuci.

Wata shekara ya sayar da ɗaya daga cikin kekunan ɗinkinsa biyu, ya sayo 'yan tsaki tamanin na kajin nama, irin masu isa yanka a sati bakwai. Ya gyara wani ɗaki mai rufin kwano a bayan gida, ya shimfiɗa dusar katako, ya rufe tagogin da leda mai kauri domin 'yan tsakin su sami ɗumi, kamar yadda mai sayarwar ya koya masa. Wani mai gidan abinci ya yi alkawarin kwashe su duka in sun kai.

Katanga ɗaya ce tsakaninsa da wata dattijuwa da kowa ke kira Iya, wadda ta shekara ashirin tana kiwon kaji kafin ciwon ƙafa ya zaunar da ita. A sati na uku tana shanya, sai ta leƙo.

"Tela, kajin nan sun yi kyau, tubarkalla. Amma sun yi gashi yanzu, ka ɗage musu ledar nan su sha iska."

"To, Iya, na ji," in ji shi, fuska a murtuke.

Yana shiga ciki ya ce wa matarsa, "Kin ji ta ko? Wai in ɗage leda. So take ta ƙare musu kallo."

"Haba maigida, matar da a haife ta haife ka?"

"Ke dai ba ki san mutane ba. Nata kiwon ya mutu, nawa ya tashi. Kina tsammanin daɗi take ji?"

Washegari aka tarar biyu sun mutu. Duk mai kiwo ya san ana samun haka, amma tela ya rantse idon Iya ne ya kama su. Maimakon ya ɗage ledar, sai ya ƙara wata a kai, ya bi ta da ƙusa, ya kwaso ragowar yadi daga shago ya toshe duk wata kafa. Na gani da idona, ɗakin ya koma kamar akwati.

Kajin suna girma, kashinsu yana ƙaruwa, shimfiɗar ta jiƙe. Duk wanda ya buɗe ƙofar sai warin ya sa shi hawaye. Suka rage ci, suka kwanta baki buɗe, fukafukai a sake. Iya ta kasa haƙuri, ta dogara sanda ta zo har gida.

"Ɗana, daga ɗakina nake jin hakinsu. Zafi zai kashe maka su."

"Ashe har saurare kike yi, Iya?" in ji tela.

A ranar ya sayo kwaɗo ya garƙame ɗakin. Har matarsa ya daina yarda da ita, tunda tana goyon bayan Iya. Ya dinga tafiya shago da mukullin a aljihu.

A sati na shida aka yi wata rana mai tsananin zafi. Kafin azahar kwanon ya ɗauki wuta, ruwan shan kajin ya ƙare. Matar ta ji suna bugun juna a ciki. Ta kira wayarsa ba adadi, ƙarar keke ta hana shi ji. Iya ce ta ɗaga murya ta kan katanga: "Ke yarinya, ɗauko almakashi ki keta ledar nan! In ya zo ki ce ni na sa ki." Ta keta, wani hucin wari ya buso mata. Sha tara kaɗai suka rage da rai.

Ko a haka tela bai saduda ba. Ya kira likitan dabbobi, ya ce a duba masa irin gubar da aka zuba. Likita ya duba gawawwakin, ya taɓa shimfiɗar, ya ɗaga kai ya kalli tagogin.

"Malam, babu wata guba. Zafi ne da rashin iska. Wane mugu ne ya yi musu wannan rufin?"

Tela ya kalli ledar da ya buga da hannunsa. Ya zauna a ƙasa cikin kajinsa, hawaye suka zubo masa. Ni kaina sai da ya ba ni tausayi.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, zargi yana toshe kunnen mutum daga shawarar da za ta cece shi. Kafin ka ce wani ne yake binka da sharri, tsaya ka auna maganarsa, ka kuma duba abin da hannunka yake aikatawa. Sau da yawa ɓarnar da muke tsoro daga maƙwabci, mu ne muke yi wa kanmu.